Rasuwar Gwaggo Wajen Cire Harsashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar abin da zai faru idan labari ya kai kunnen babban wansa, baban yaran gidan nan yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar bindigar farautar mahaifinsu. Yana roƙon duk wanda ya karanta ya bari shi ya fara gaya wa Yaya da bakinsa, ko da yake ya san halin dangi, kafin ya sa takalmi magana ta riga shi.

Marigayiyar ta girmi kowa a gidan. Tsoho, Allah ya jiƙansa, shi ya sa mata suna, domin ya ce ƙanwarsa ce da ba ta taɓa kai ƙararsa ba. Doguwa ce, mai nauyi, ba ta da yawan magana. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya suna tuna muryarta: ƙarrr-ƙas idan Tsoho ya ja ƙarfen ya buɗe cikinta, sai daram sau ɗaya daga bayan gonaki, daga nan matar Tsoho ta ɗora tukunya. Da Tsoho ya kwanta dama, aka bar ta a hannun ƙaramin ɗansa saboda shi ke da ɗaki mai kulle. Yaya ya damƙa masa ita da takardarta, ya ce amana ce.

Tsoho yana da doka: kowa na iya shafa wa Gwaggo mai, amma babu mai buɗe cikinta sai shi. Ya rasu, dokar ba ta rasu ba. Shekara da shekaru ana sauke ta daga saman kwaba, a goge ta har ta yi ƙyalli, a mayar. Yara sun ɗauki hoto da ita. Autar gidan ta sha saɓa ta a kafaɗa tana auna yayyenta, tana cewa tau, tau da baki, manya suna dariya. Kunamar bindigar ta daskare da tsatsa, ba ta motsi, sai aka ɗauka ai shi ke nan.

Ciwon ajali ya bayyana ranar da za a yi wa ɗaki fenti. Baban yara ya sauke ta, ya ga garin tsatsa yana zubowa, sai ya yi shahada ya ja ƙarfen. Ya ɗan buɗu, ya cije. Ya haska fitilar waya ta tsagar, ya ga gindin harsashi zaune daram. Abin da ya fara zuwa masa shi ne fuskar autar tana dariya, da bakin Gwaggo a ƙirjin yayarta.

Masu ba da magani ba su yi ƙaranci ba. Maƙwabci ya ce a zura rodi ta baki a buga da guduma. Wani ya ce a ɗan gasa ta a wuta, ƙarfe zai saki. Uwar yara ta ce duk wanda zai yi wannan aiki ya bari ta kwashe 'ya'yanta tukuna, in ya so ya haɗa har da rufin gidan. Baban yara bai taɓa komai ba. Ya juya bakinta ga bango, ya kulle ɗaki, ya sa makulli a aljihu, ya je ya ɗauko mai gyaran bindiga mai lasisi.

A shagonsa ta yi jinya. Ya ɗaure ta a kan teburin aiki, bakinta cikin durom na yashi, yana ɗiga mata mai yana jira. Da ya gwada ja, 'yar ƙugiyar da ke fito da harsashi ta karye. Ya ce tagulla da ƙarfe sun zama abu ɗaya. Zaɓi biyu ne: a mayar da ita gida yadda take, da abin a cikinta, ko a kwance bututun daga jikinta, kuma da wuya tsohuwa irin wannan ta tashi. Baban yara ya ciro waya zai kira Yaya, ya san amsar da zai ji, ya mayar da ita aljihu. Ya ce a kwance.

Maganarta ta ƙarshe ƙas ce, ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Jikinta ya tsage. Harsashin ya fito lafiya, ya yi kore, ko ƙwarzane babu.

Ta rasu ta bar 'ya'yan Tsoho, da jikoki da yawa, duk da ransu, da ɗamarar fata, da kwalbar mai da ba a ƙarasa ba, da wani dogon wuri mara ƙura a saman kwaba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, daga shagon mai gyara zuwa ofishin hukuma, inda za a miƙa ƙarafunta da takardarta da harsashin. Katakon gindinta, inda tafin hannun Tsoho ya cinye, an ware shi domin Yaya, idan zai karɓa. Ba a buƙatar zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya raka baban yara gidan wansa, ya zauna a tsakaninsu.

Yaya zai ce harsashin ya daɗe da mutuwa, an kashe Gwaggo a banza. An tambayi mai gyara, ya ce ya ga wanda ya fi wannan tsufa ya tashi, ya ga sabo ya ƙi, ba a sani sai an harba. Baban yara bai yarda a gwada ba. Har yanzu babu wanda ya san ko harsashin yana da rai.