Ƙuma a Sheƙar Ladingo

A wani daji da ke bayan dutse, dabbobi sun taɓa zama a gindin kuka suka kafa doka: duk wanda ƙwari suka dama a gidansa, ƙuma ce ko kaska ko gara ko kuɗin cizo, kada ya kuskura ya yi magani da kansa. Majalisa ta naɗa gwani, shi za a kira. Dalilinsu wai wata shekara Zomo ya yi wa raminsa hayaƙi, wuta ta cinye rabin fadama. To, Zomo ya yi wauta, ba a musu. Amma tun daga ranar ko toka ba a yarda ka barbaɗa a shimfiɗarka ba.

Gwanin kuwa Carki ne, tsuntsun nan mai jan baki da ke cire wa manyan dabbobi kaska. Mazauninsa doron Gwanki, shugaban majalisa. Duk maganar da za ta shiga kunnen Gwanki sai ta bi ta gaban Carki tukuna.

Akwai wata tsohuwar zabuwa mai suna Ladingo, da sheƙarta a cikin ƙayar magarya. Bara ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara, ƙuma ta shiga sheƙar. Ta bi doka, ta kira Carki. Sai da ya kwana uku ya zo, ya tsince manyan da ido ke gani, ya goge baki a reshe, ya ce an gama. Ko ɗaga ciyawar shimfiɗa bai yi ba, alhali a nan ƙwayayen ƙumar suke zube kamar gari. Kafin mako biyu 'yan tsakin suka ɗashe, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya.

Bana ƙwai bakwai ta saka, kuma jikinta ya gaya mata su ne na ƙarshe. Tana kwana na goma sha biyu da kwanci sai ta ji cizon nan da ta sani a ƙarƙashin fiffike. Ta jira rana ta take, lokacin da ƙwai zai jure rashin uwa, ta rufe su da ganye ta nufi gindin kuka.

Ba ta jira an ba ta izini ba. Ta tsaya tsakiyar fili ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban iya maganar majalisa ba, ta bakina zan faɗa. Bara na bi dokarku na binne tara. Tara! Babu wanda ya tako ya ce mini sannu. Bana abin ya dawo, kuma saura kwana goma sha shida ƙwaina su fashe. Uwata da toka da ganyen darbejiya ta raine mu, ba mu mutu ba. Kun hana toka, na ji. To, ko ku aiko mini wanda zai yi aiki har ƙasa, ko ku sakar mini mara in yi abin da na gada. Ba roƙo na zo ba. Haƙƙin 'ya'yana na zo nema."

Dila, magatakardan majalisa, ya yi gyaran murya ya ce, "Haba Gwaggo, abin da ya wuce ya wuce. A bar kaza cikin gashinta."

"Cikin gashin abin yake, ɗan nan," in ji Ladingo. "Zo ka sa hanci ka gani."

Sai Carki ya gyara tsayuwa a doron Gwanki, ya yi magana a hankali, irin ta wanda bai taɓa binne kowa ba.

"Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri. Aikin ƙwari ilmi ne, ba zafin rai ba. Wanda bai sani ba gani yake in an share duka an huta. Mu da muka daɗe a ciki mun san ƙwaro ba a gama shi, sai dai a riƙa lura da shi. Shi ya sa ake da mu. Shekara uku ke nan ina kula da lafiyar shugaba, kin taɓa jin ya yi kuka?"

Ladingo ta ɗaga kai ta dubi doron Gwanki. Daidai ƙafar Carki akwai gyambo ja, ɗanye, kamar yau aka yi shi. Kowa a dajin ya san da shi, kowa kuma ya iya kallon gefe. Ta san kofaton Gwanki ɗaya ya isa ya mayar da ita ƙura. Amma ta tuna ƙwai bakwai a ƙarƙashin ganye.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gyambon nan na bayanka, ina nan ƙaya ta yi maka shi shekara uku da suka wuce. Jaki ya ji ciwon da ya fi shi, wata ɗaya ya warke, don ba shi da gwani. Kai da kake da gwani, me ya hana naka rufewa? Ni dai na ga bakin Carki ja ne, ban san ko haka aka haife shi ba."

Gwanki ya juyo da wuya a hankali, ya tambaya, "Carki, me ya hana?"

"Ranka ya daɗe," in ji Carki, ko gezau bai yi ba, "ciwon da ya rufe ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Buɗe shi nake yi kullum domin in tabbata lafiya yake."

Dila ya fara jinjina kai, saura suka bi. Gwanki ya numfasa ya yanke hukunci: za a kafa kwamiti ya duba sheƙar Ladingo, Carki ne shugabansa, a kawo bayani nan da kwana arba'in. Toka kuwa tana nan a hane.

Ladingo ba ta ce na gode ba. A hanyar komawa ta ci karo da rundunar kwarkwasa suna tsallaka turba. Ba su da kujera a majalisa, don ba su iya zama ba. Ta tsayar da jagorarsu ta faɗa mata damuwarta.

Jagorar ta ce, "Iya, ba zan ɓoye miki ba. Mu ba ma tsinta, sharewa muke. Babba da ƙarami da ƙwayayensu, har cikin tsagar itace. Amma ba ma tambayar sunan abin da muka tarar. Ki fitar da duk abin da kike so da rai, ki watsar da tsohuwar shimfiɗa mu bi ta, ke kuma ki yi wankan ƙasa sosai kafin ki koma. Gobe da hantsi. In kin makara, kada ki zagi kowa."

Gari na wayewa Ladingo ta fara mirgina ƙwai da baki, ɗaya ɗaya, daga ƙaya zuwa wani yashi mai ɗumi, taku ashirin. Na huɗu ya bugi tsakuwa ya tsage. Ba ta tsaya kuka ba, don tuni ta jiyo sautin rundunar a cikin busasshen ganye kamar yayyafi. Tana tura na bakwai, na gaba-gaba suna hawa magarya. A sama shirwa ta fara shawagi. Ladingo ta baje fiffike bisa ƙwai shida a fili tsirara, ba inuwa ba ƙaya, ta kafe ido sama tana ƙyarƙyara iya ƙarfin maƙogwaronta. Sau uku shirwa ta sauko, sau uku ta tarar da baki da ƙafa. Sai da rana ta karkata rundunar ta fice. Ladingo ta leƙa sheƙa, ko ƙwaro ɗaya babu.

Cikin shidan, biyar ta ƙyanƙyashe, ranar da ta lissafa.

Ran kwana na arba'in kwamiti ya zo. Carki ya ɗaga ciyawa, karo na farko a rayuwarsa, bai ga komai ba. Aka koma gindin kuka aka sanar cewa aikin da gwani ya yi bara sai bana ya nuna, wanda kuma ya yi haƙuri shi ke dafa dutse. Kwarkwasa kuwa aka kore su daga dajin saboda aiki ba izini.

Ana cikin tafi Ladingo ta ratsa ta gaban majalisa da 'ya'yanta biyar a baya, ba ta gaida kowa ba. Gwanki ya bi su da kallo, ya buɗe baki kamar zai tambaye ta wani abu. Carki ya sunkuya kusa da kunnensa. Gwanki ya rufe baki.

Gyambon nasa dai, har yau ba a taɓa barinsa babu kulawa ba ko da wuni ɗaya.