Karantina a Hannun Amarya

Kwana huɗu aka ba mu mu shirya bikin Yaya Hauwa, don hutun ango ya kusa ƙarewa. Duk unguwarmu ta Bani Malik babu mai lallen da ke da lokaci. Na miƙe na ce, "Halas, shi ke nan, ku bar mini. Bidiyo uku na kalla."

Fure na nufa in zana mata, wallahi. Da aka wanke, Yaya ko kuka ta kasa. Kakar ango ta kama hannun, ta daɗe tana dubawa, ta juyo gare ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, jikata. Ga taswirar unguwar Karantina kafin a rushe ta, har ga lungunmu."

Da safar hannu Yaya ta yi biki. Har yau in baƙo ya ɓata, sai a nuna ni a ce, "Kira Injiniya ta zana masa hanya."