Abokina Mai Sanƙo da 'Ya'yansa na Cikin Firji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙera mutum da bakina, na yi masa sanƙo, na yi masa rowa, kafin shayi ya huce ya kusa kashe auren wani bawan Allah a Khalidiyya.

Ni da matata Safiya mun daɗe ba haihuwa. Na sha zuma da habbatus sauda har ƙudan zuma suka fara gaishe ni a hanya. Daga ƙarshe wani likita a Jidda ya yi mana aikin nan da ake haɗa ƙwan mace da ruwan mijinta a waje, sannan a mayar cikin mahaifa. Allah ya ba mu tagwaye, na tashi daga "bawan Allah" na koma Baban Biyu. Safiya ta sa na rantse ba wanda zai ji yadda aka same su. Tana da gaskiya. A unguwarmu ta Harra ta Yamma a Madina idan ka yi atishawa, daga Badar za a ce maka yarhamukallah.

Yaran sun fara tafiya sai likitan ya neme mu. Ya ce akwai ragowar ƙwai uku da aka haɗa ba a dasa ba, suna nan a daskare, kuma lafiyar Safiya ba za ta ɗauki wani cikin ba. Ba wa wata mace haramun ne, doka ma ta hana. Saura hanya biyu: a bar su su mutu da kansu, ko mu yarda a ba masu bincike su ciri abin da ya kira khalaya jiz'iyya, wato ƙwayoyin tushe da jiki ke gina jini da ƙashi da jijiya da su. Ya ce duniya ta rabu a kan maganar, wasu ƙasashe sun hana, wasu sun bari, a nan kuma hukuma ba ta gama tsara ƙa'idojin ba. Shi ba zai taɓa komai ba sai mun tambayi malami, mun kuma amince mu biyu.

Safiya na jin kalmar jijiya hankalinta ya tafi wurin yayanta Umaru, wanda yake kan keken guragu tun haɗarin da ya yi a hanyar Badar yana ɗauko dabino. Likita ya faɗa mata gaskiya, wannan bincike ba zai tayar da Yaya Umaru gobe ba, wataƙila ma har abada. Ta ce ko wani Umarun ne ya amfana, ita ta yarda. Ni kuwa raina bai kwanta ba. 'Ya'yana ne ko ba 'ya'yana ba ne? (Har kunya nake ji in buɗe firjin gida in ɗauki ruwa.) Na ɗaura ɗamara sai na samo hukunci, kuma ba tare da sirrin Safiya ya fita ba.

Malamin da na yarda da shi Shehu Abdurrahim ne, tsohon Bakano da ya fi ni shekaru a Madina. Matsalarsa biyu: ba a samunsa shi kaɗai, kuma kunnensa ya yi ritaya tun kafin shi ya yi. Na je gidansa, baƙi. Na tare shi bayan Asuba, almajiransa sun kewaye shi kamar ƙudan dabino. Na kira wayar gidan, ya yi ta tambayata ko ni ne mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da na ji zai halarci walimar suna bayan Juma'a a Khalidiyya, na ce yau ko ni ko fatawa. Muka tafi tare da Safiya.

An ci shinkafa da rago, an kawo shayi, aka miƙa wa Shehu makirufo ya yi nasiha, sannan aka ce mai tambaya ya yi. Na miƙe. Saboda kunnensa aka ba ni makirufon ni ma (abin da ban lura ba shi ne an ja waya an kafa lasifika a ɓangaren mata, bayan labule). Na yi dabarar da kakanninmu suka gada.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne."

Da a nan na tsaya da na tsira. Amma ni mutum ne da ba ya iya ba da labari tsirara. Don kada a zarge ni, sai na shiga nesanta abokin daga kaina. Ni dogo ne, na ce gajere ne. Ina da suma, na yi masa sanƙo mai ɗaukar ido. Na ce marowaci ne, lipton ɗaya yake tsomawa sati guda. Mutane na ta dariya, ni kuwa kaina na ƙara kumbura. Sai na zo kan batu: ya daɗe ba haihuwa, aka haɗa masa a kwalba ya sami tagwaye, yanzu yana da saura a firjin asibiti, shin ya halatta ya bayar a yi bincike?

Dariyar ta tsaya. Na ga kawuna suna juyawa gefe ɗaya kamar sahun salla ana sallama. A can ƙarshen darduma ga Idi tela, mutumin Damagaram, gajere, ya cire hula saboda zafi, sanƙonsa na sheƙi ƙarƙashin fitila. Idi ma baban biyu ne, shi ma bayan dogon jira. Wallahi ban tuna da shi ba. Yana riƙe da ƙashin rago, bai san ya zama fatawa ba.

Wani dattijo ya ce wa Idi ashe yaransa na tallaja ne, wato firji, bai faɗa ba. Wani saurayi ya fassara wa abokansa da Larabci suka fashe da dariya. Sai na ji abin da ya kashe mini jiki. Wani a bayana ya ce a hankali, abin da aka haɗa a kwalba wa ya san ruwan wa aka zuba? Idi ya ajiye ƙashin, ya rantse bai taɓa taka Jidda ba sai ranar da ya sauka daga jirgi. Ba wanda ya saurare shi. Baƙo ne mai zama da iƙama, takardar izinin zama, matarsa na bayan labulen nan tana ji.

Na ƙudura abu biyu a lokaci ɗaya: sai na wanke Idi, kuma ko za a yanka ni ba zan ce ni ne ba. Na ɗaga murya na ce jama'a ba Idi ba ne, abokina ɗan ƙasar nan ne. Suka ce a'a, rufa masa asiri nake yi. Na ce abokina ba tela ba ne. Suka ce to sanƙon fa? Na laluba hujjar da za ta rufe bakin kowa, na samo ta, na harba da alfahari.

"Shi wannan, yayan matarsa gurgu ne tun haɗarin hanyar Badar, shi ya sa ma take so a bayar!"

Kawunan nan suka sake yin sallama, wannan karon zuwa dama, inda Yaya Umaru yake zaune kan kekensa da finjalin shayi a hannu. Daga shi suka dawo kaina. Na nemi ƙasa ta tsage, amma Madina ce, dutse ne ko'ina.

Shehu, wanda rabin rikicin ya wuce shi, ya tambaya wane ne mai tambayar tsakani da Allah. Kafin in haɗa ƙarya ta gaba, murya ta fito daga bayan labule, a natse.

"Allah gafarta Malam, ni ce matar mai sanƙon. A ƙyale Idi da iyalinsa. 'Ya'yana na mijina ne, likita da Allah shaida. A ba mu amsa."

Shehu ya ba da ita. Da almajiransa suka sanar da shi maganar ruwan wa, ya fara da mai ita, ya ce ya tuba, zargin nasaba ba abin wasa ba ne. Sannan ya ce abin da bai zauna a mahaifa ba bai kai matsayin ɗan da aka busa wa rai ba, amma yana da alfarma. Idan ragowa ne daga magani na halal, ba da gangan aka haɗa don bincike ba, uwa da uba duka sun yarda, ba sayarwa, ba dasa wa wata mace, kuma ƙarƙashin idon hukuma, malamai da yawa sun sawwaƙe. Abin da doka ta hana kuma kada mu tsallaka. Ya ƙara da cewa a gaya wa abokin nawa ya rage rowa.

Yaya Umaru ya turo kekensa har gabana. Na sunkuya ina jiran mari. Ya riƙe hannuna ya ce bai san ƙanwarsa na tunaninsa har haka ba, idonsa ya cika. Sannan ya ce, "Amma kai, Baban Biyu, bakinka ya fi motar da ta buge ni gudu."

Muka hau mota ni da Safiya muka koma Harra. A ƙofar gida ta ce ta gaji da ɓoyon dama, amma da ta so ita ta zaɓi ranar. Na ba ta haƙuri na wata guda, na ba Idi ɗinkin sallar gidanmu na shekaru. Mun koma Jidda mun amince mu biyu. Yaya Umaru na nan kan kekensa, yana tambayata lafiyar 'yan firji duk sanda muka haɗu, unguwa kuma ta mayar da ni Abu Tallaja.

Abin da na koya shi ne, idan tambaya taka ce, kai ta da fuskarka. In kuwa dole sai ka ƙirƙiri aboki, to ka bar masa sumarsa, ka kuma fara leƙa ƙarshen darduma.