Yadda Yammedi Ta Samu Digirin Ciyawa

Jama'a, yau kukan maƙwabcina Malam Muntaka na kawo muku, tunda shi ba ya rubutu a jarida, ni kuma bakina ba ya riƙe magana.

Ranar wata Talata, wata biyu da suka wuce, Malam Muntaka ya yi awa uku a layin mai a Karaye. Da babur ɗinsa ya iso gaban famfo, mai zuba man ya rataye tiyo, ya ce ya ƙare, a dawo gobe. Haka dattijon nan ya turo babur da babbar riga a jikinsa, 'yarsa Rumasa'u tana biye da shi rungume da takardunta, har ƙofar ɗakin taron da aka gayyace su.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Muntaka manomin gyaɗa ne a Yammedi, yana da shanu shida da tumakin da ba ya faɗin yawansu. Rumasa'u ce babbar 'yarsa. Tun tana firamare, in saniya ta ƙi cin abinci, ita ce ke fara lura. Ta gama sakandare da sakamakon da ya sa shugabar makarantarsu ta zo gida da ƙafarta ta yi murna. Burinta ɗaya ne, ta zama likitar dabbobi, kuma wata jami'a a nan gida ta riga ta ba ta gurbi. Ranar Juma'ar makon taron za a rufe rajista.

Ana cikin haka sai Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu, Inuwar Matasa, wanda Allah ya hore wa tausayinmu duk bayan shekara huɗu, ya kafa kwamitin tura 'ya'yan talakawan Karaye da Rogo karatu ƙasar waje. Sunan Rumasa'u ya fito. Daga ranar Malam Muntaka bai ƙara zama a majalisa ya tashi ba tare da ya ambaci jirgin sama ba. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa Jibo mai kai masa shanu kiwo. Yayarsa Goggo Saude ta fara yi wa yarinyar dambun nama da yaji, don ta ji an ce mutanen can ba su san gishiri ba. Rajistar gida kuwa ya ce a dakata, wanda za shi ƙetare me zai yi da ita.

An ce taron ƙarfe goma ne. An fara ƙarfe biyu. Mai Girma bai samu zuwa ba saboda hidimar al'umma ta riƙe shi a wani wuri mai sanyi, amma ya aiko da hotonsa, an ba hoton kujera ta tsakiya. Bayan mutum tara sun yi jawabin godiya, Sakataren kwamiti ya miƙe ya yi bayanin wahalar da suka sha. Ya ce sau uku 'yan kwamiti goma sha ɗaya suna barin iyalansu su tafi duba jami'ar, don kada a kai 'ya'yanmu inda ba a sani ba. Aka yi tafi. Malam Muntaka ya ce shi ma ya tafa, har ya ji tausayinsu.

Daga nan aka zo rabon kwasa-kwasai. Sakatare ya ce don a yi adalci, ba za a bar kowane yaro ya zaɓi abin da yake so ba, sai dai a raba mazaɓa-mazaɓa, kamar yadda ake rabon taki. Kurugu ta samu tuƙin jirgin ruwa. Tudun Kaya ta samu kula da manyan otal-otal. Mutanen Rogo aka ba su noman inabi. Da aka zo kan Yammedi, sai ya gyara tabarau ya karanta cewa ta samu ilimin kula da ciyawar filin wasan golf.

Malam Muntaka bai san golf ba, amma ya san ciyawa. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya sunkuya ya raɗa wa 'yarsa cewa ai ba a yi nisa ba, wanda ya san ciyawa ya san rabin saniya. Don ya tabbatar, ya ɗaga hannu, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Sakatare wace irin dabba ce ke cin wannan ciyawar.

"Malam, wannan ciyawar ba a cin ta," in ji Sakatare. "Aske ta ake yi, manya su taka."

Malam Muntaka ya zauna. Ya ce a ransa ya yi shekara hamsin yana neman ciyawa da rani, bai taɓa jin an shayar da ita, an aske ta, sannan an hana dabba ba.

Ita kuwa Rumasa'u tun makon da sunanta ya fito ba ta zauna ba. Da wayar mahaifiyarta ta bi ta karanta yadda karatun waje yake. Ta gano cewa akwai digiri na farko mai shekara uku ko huɗu, likitanci ya fi haka. Akwai difloma. Akwai ƙasashen da sai ka yi shekara guda kana koyon harshensu kafin a bar ka ka shiga aji. Akwai kuma takardar da in ka dawo da ita gida ba za a yarda ka yi aiki da ita ba, ko da an yi mata ado da ruwan zinare. Duk ta faɗa wa babanta, shi kuma ya ce manya sun fi waya sani.

Sai ta miƙe, ta gyara hijabi, ta gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, karatun nan digiri ne ko difloma? Kuma shekara nawa ne?"

Sakatare ya ce karatu ne na ƙasar waje. Ta ce ta ji, amma wane iri. Ya waiwayi mataimakinsa, mataimakin ya waiwayi ma'aji, ma'aji ya duƙufa yana neman wani abu a aljihu. Mutum goma sha ɗaya, tafiya uku, babu wanda ya tuna ya tambaya. Ɗaya daga cikinsu dai ya tabbatar wa jama'a cewa ginin yana da kyau ƙwarai, kuma akwai babbar kasuwa kusa da shi.

Ta roƙi a ba ta takardar makarantar ta gani. Aka miƙo mata da ƙyar. Ta karanta a hankali, sannan ta fassara wa ɗakin da Hausa. Ba jami'a ba ce, cibiyar horo ce. Kwas ɗin wata shida ne. Abin da ake bayarwa a ƙarshe takardar shaidar halarta ce, irin wadda ake raba wa mahalarta bita.

Wani dattijo daga Kurugu, wanda ɗansa ya bar gurbin karatun injiniya don tuƙin jirgin ruwa, ya cire hularsa ya riƙe. Sakatare ya ce bai kamata a shigo da siyasa cikin aikin alheri ba, kuma yarinya mai tarbiyya ba ta ƙure manya. Ya ƙara da cewa in Yammedi ba ta so, akwai mazaɓun da ke roƙo.

A nan ne Malam Muntaka ya shiga lissafi. Ya tuna majalisa, ya tuna liman, ya tuna dambun naman Goggo Saude. Komawa gida ya ce babu jirgi ya fi turin babur nauyi. Ya dubi 'yarsa. Tana tsaye da takardar a hannunta, ba ta zauna ba. Sai ya miƙe ya yi godiya ga Mai Girma, ya yi godiya ga hotonsa, ya ce Allah ya saka, su dai a bar musu ciyawar da ake ci.

A hanya, yana turin babur, har sun yi nisa. Can ya ce, "Juma'a kika ce ana rufewa?"

"Juma'a, Baba."

"To gobe da asuba za mu tafi, ko a ƙafa ne."

Sun samu rajista ranar Alhamis da yamma. Rumasa'u ta ce masa in ta gama, za ta nemi digiri na biyu a waje da kanta, a makarantar da ta san sunanta da shekarunta. Majalisa ta yi masa tsiya na kwana uku. Mai shayi har yau Baban Ciyawa yake kiransa, shi kuma yana amsawa.

To shekaranjiya ina zaune na ji sanarwa a rediyo. Kwamiti yana taya al'umma murnar tashin rukunin farko na ɗalibanmu zuwa ƙasar waje, aka jero sunaye, na huɗu Rumasa'u Muntaka Yammedi. An ce sun sauka lafiya, kuma suna godiya. A lokacin yarinyar tana bayan gidansu, ta zo hutun ƙarshen mako, tana duba kofaton wata tunkiya. Goggo Saude ta ji sanarwar, ta leƙa ta gan ta, ta dawo ta zauna, ta ce ita dai rediyo ba ya ƙarya.

Ni ban san wanda ya hau jirgin da sunanta ba, kuma ba zan tambaya ba, don ni mai tarbiyya ne. Fatana dai, ko ɗan wane ne, Allah ya sa ya iya aski.