Yadda Za Ka Tara Ƙuri'a Dubu Saboda Maɓalli Ɗaya

Kana da kwamfutar cinya ta buga gem, akwai abu guda da kake so kamfani ya gyara a jikinta, kuma ka gaji da aika wasiƙun da ba mai karantawa? To, gyara zama. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kamfanin zai saurare ka, har godiya zai rubuto maka. A kan idona abokina Lorne Pawluk ya yi haka a nan Winnipeg cikin mako bakwai, kuma da shi zan riƙa ba ka misali ko ya so ko ya ƙi.

Mataki na 1: Samo ciwon da ya isa a kira shi ciwo

Kada ka fito da ƙorafin da kowa ke yi, irin su batir ba ya daɗewa. Nemo naka na kanka. Na Lorne shi ne maɓallin kashewa, wanda wani gwani ya dasa a kusurwar dama, daidai inda iska mai ɗumi ke fita. Lorne kuwa yana da kyanwa mai suna Doris, mai kilo bakwai, wadda a tsananin sanyin watan Janairu ba ta da buri a duniya sai wannan kusurwar. Ta ɗora ƙafa, allo ya yi baƙi ƙirin.

Mu huɗu ne muke wasa tare: Lorne, da Renaldo da ke Calgary, da Dwayne da ke Brandon, da ni. Tun da muka bar sakandare muka warwatse, duk Lahadi ƙarfe huɗu muke haɗuwa a cikin gem. Tun da matar Lorne ta tafi, Lahadin nan ce kaɗai ranar da yake jin muryar wanda ya san shi tun yana da gashi. Sai ga shi Lahadi uku a jere yana ɓacewa ana tsakiyar gumurzu, a yi mana kaca-kaca.

"Mutumina," in ji Renaldo, "ko kai ko Doris, ɗaya ya bar wa ɗaya kwamfutar. Ka ƙara ɓacewa, na rantse matata zan ba kujerarka."

Lorne ya yi dariya, amma ya san Renaldo ba wasa yake ba.

Mataki na 2: Yi fatali da duk mafita mai sauƙi

Za a samu mai ce maka ka rufe ƙofa kawai. Lorne ya gwada. Doris ta zauna a bayan ƙofar ta buɗe maƙogwaro, har Renaldo ya tambaya daga Calgary ko an kira motar asibiti. Wani zai ce ka manna murfin kwalba a kan maɓallin. Wannan shawarar tana aiki, shi ya sa take da haɗari. Mutumin da ya ba da dala dubu biyu da ɗari huɗu bai kamata a gan shi da murfin kwalba ba. Masana sun tabbatar cewa duk matsalar da aka warware cikin minti biyu ba ta taɓa mayar da kowa jagora ba.

Mataki na 3: Rubuta buƙatar kamar gari zai tashi

Kamfanin yana da shafin da masu sayen kayansa ke rubuta abin da suke so. Dokar shafin ita ce, duk buƙatar da ta samu ƙuri'a dubu cikin kwana sittin, dole injiniyoyinsu su amsa. Abin da Lorne ke nema ƙarami ne: kada maɓallin ya kashe komai sai an danne shi daƙiƙa uku. Amma ya rubuta shafi biyu cur, ya kawo batun haƙƙin mai saye, ya rufe da cewa tarihi yana kallo.

Bayan mako guda ƙuri'a biyar gare shi. Tasa, namu uku, da ta wani mutum da ya dawo ya rubuta cewa hannunsa ne ya zame.

Mataki na 4: Koma ga dangi

Kowa yana da wata gwaggo da ba a ce mata a'a. Ta Lorne ita ce Anti Halyna, shugabar matan da ke naɗa firogi, wani abincin fulawa mai cushe a ciki, a ɗakin ƙasa na coci duk Laraba. Ya je da kwamfutar a hammata, ya tsaya yana bayani a gaban mata talatin da hannuwansu duk gari.

"Dakata, ɗana," ta ce. "Wannan abin zai sa ka sake aure?"

"A'a, Anti. Maɓalli ne."

"To ka ci wani abu tukuna, dubi yadda ka koma. 'Yan'uwa, kowa ta fito da wayarta."

Ƙuri'a talatin da ɗaya ya samu a ranar. Sai dai ka sani, irin waɗannan magoya bayan ba sa danna ƙuri'a su wuce, sai sun bar sharhi. Har yau in ka buɗe shafin za ka ga an rubuta: "Lorne yaron kirki ne, shekararsa arba'in da ɗaya, yana da aiki da gida, ba ya shan taba."

Mataki na 5: Cire hujja, saka hoto

Shafi biyun nan ba wanda ya karanta. Ranar da Lorne ya ɗora hoton Doris zaune a kan maɓallin tana hararar duniya kamar mai gidan haya, ranar abin ya fashe. Ashe masu wannan ciwon suna da yawa, kunya ce ta hana su magana. Wata a Halifax ta ce muzurunta ya kashe mata kwamfuta ana tsakiyar gasa. Wani a Texas ya ce nasa aku ne. Kafin Juma'a an wuce ɗari bakwai.

Kada ka damu in ka lura rabin mutanen ba su da kwamfutar, Doris suka zo gani. Ƙuri'a ba ta da fuska. Lorne ya ji ɗan kishi, ba zan ɓoye maka ba, domin ba wanda ya taɓa tambayar sunansa, amma kullum ana tambayar me Doris ta ci.

Mataki na 6: Ba wa fafutukar duk lokacinka

Jagora ba ya hutu. Za a samu mai buɗe tasa buƙatar ya raba maka ƙuri'a, sai ka lallashe shi ya dawo. Za a samu mai zagi, sai ka amsa masa da sakin layi huɗu. Kuma mutane sun fi leƙa shafin ranar Lahadi da yamma, don haka a lokacin ne ya kamata a same ka a can.

Lahadi ta farko Lorne ya turo mana saƙo cewa mu yi haƙuri, saura ƙiris. Ta biyu ma haka. Ta uku ko saƙon bai turo ba, sai adireshin shafin, wai mu tura wa abokan aikinmu. Mu kuwa gem ɗin na mutum huɗu ne. Renaldo ya zaunar da matarsa Maricel, ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa riƙe linzamin wasa ba, ya ce ta riƙe wa Lorne wuri. A makon farko bango ta yi ta harbi. A mako na huɗu ita ke ba mu umarni, muna bi.

Mataki na 7: Karɓi nasararka

Ƙuri'a dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu. Kamfanin ya amsa, ya gode wa "Doris da iyalanta", ya turo gyaran ta intanet. Lorne ya ɗora kyanwar a kan maɓallin da hannunsa, ta taka, allo bai ko motsa ba. Ya ce sai da ƙwalla ta taru masa. Na yarda, don na san shi.

Mataki na 8: Ƙirga ƙuri'un da suka rage

Lahadi ƙarfe huɗu ya shigo gem yana ihu tun kafin mu gaisa.

"Maza, na dawo! An gyara! Ku matsa mini!"

Maricel ce ta fara magana, ta ce ita za ta tashi, dama aron wuri aka ba ta.

"Zauna, Maricel," in ji Dwayne. "Ai shi gwanin ƙuri'a ne, a yi ƙuri'a. Mu uku ne, ka samo biyu."

"Haba Dwayne, ni ne fa."

"Na san kai ne. Sau goma sha ɗaya ka turo mini adireshin shafin nan. Ni kuwa sau biyu na rubuta maka cewa na zame a ƙanƙara na karya ƙafa. Ka san amsar da ka ba ni? Hoton kyanwa. Wata guda ke nan maƙwabciyata mai shekara saba'in ke kwashe mini dusar ƙanƙara a ƙofar gida."

Lorne ya ja saƙonnin baya, ya gan su, duka biyun. Mutumin da ya amsa wa baƙi dubu huɗu ɗaya bayan ɗaya, saƙon abokinsa ne kawai bai karanta ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

A nan sharhi ba ya aiki, hoto ma ba ya aiki. Lorne ya rufe kwamfutar, ya jefa shebur a bayan mota, ya biya gidan Anti Halyna ya karɓi firogi dozin huɗu, ya kama hanyar Brandon, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Dwayne ya ce ta taga ya hango shi yana kwasar dusar ƙanƙara bai ko ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya bar shi sai da ya kai bakin titi, sannan ya buɗe ya ce, "Ka bar wajen matakala, malalaci. Shigo kafin ka daskare." Ƙuri'a ɗaya ke nan.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin kamfani zai saurare ka, bai yi alkawarin za ka tarar da kujerarka yadda ka bar ta ba. Ba ruwansa da auren da gwaggonka za ta ƙulla maka a shafin kamfani, ko kyanwar da ta fi ka suna, ko abokan da suka gano sun fi cin wasa ba ka nan. Renaldo ya riga ya sanar cewa ba zai jefa ƙuri'a a kan matarsa ba, yana son zaman lafiya a gidansa. Saura tawa, kuma ban yanke shawara ba tukuna. An dai ce gobe za a yi dusar ƙanƙara mai yawa, kuma Lorne ya san hanyar gidana.