Gabas Ɗin Kakata

Ba zan taɓa mantawa da wata magariba a wani ɗan tsibiri na Indonesiya ba. Ni da amaryata muka je hutu bayan biki, kuma ni na zaɓi masaukin saboda arha (a hoto kam, sai ka rantse gidan sarki ne). Da muka isa sai ga ɗaki ɗaya na gora, da gidan sauro mai huji, da bokiti a banɗaki. Babu sabis ɗin waya, wuta kuwa sai janareta ya ga dama. Matata ta kalli ƙadangaren da ke bango, sannan ta kalle ni.

Mai gidan wani dattijo ne mai fara'a, ya taɓa zuwa Hajji, yana ɗan jin Larabci. Da ya ji a Makka aka haife ni, a unguwar Aziziyya na girma, sai ya riƙe hannuna har da ƙwalla. Kafin rana ta faɗi maƙwabta sun cika tsakar gida, wai ɗan Makka zai ja su salla. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

To, mu a Makka ba ma wahalar neman alƙibla. Ka ɗaga kai ka hango dogon agogon Harami, shi ke nan. A gida kuma kakata Hajiya, wadda ta zo daga Kano, kullum cewa take, "Kalli gabas ka yi salla." Ni duk rayuwata na ɗauka gabas wani sunan alƙibla ne.

Sai na ga mutanen sun shimfiɗa tabarmi suna fuskantar inda rana ke faɗuwa. Na yi irin murmushin nan na manyan malamai, na juya tabarmata, na ba rana baya. Suka kalli juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juya nasu. Wa zai yi musu da ɗan Makka? Dattijon ya matso kusa da ni. "Ya Shehu, ke nan duk sallolina na baya sun tafi a banza?" Tausayinsa ya kama ni, har na gyara murya zan ba shi fatawa.

Daga can baya matata ta ɗaga murya: "Ya habibi, esh hada? Mene ne haka? Gabas ɗin Hajiya na mutanen Kano ne! Nan Makka tana yamma. Ka juya wa Ka'aba ƙeya!"

Wallahi ji na yi da ma teku ya taso ya tafi da ni. Na juya tabarmata a hankali, jama'a suka sake juya nasu, wata tsohuwa tana ta dariya cikin hijabi har kafaɗunta na girgiza. Dattijon ya sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa na ce maƙogwarona ke ciwo, na tura shi gaba, na laɓe a ƙarshen sahu.

Ranar na gane zama kusa da Ka'aba ba ya koya wa mutum hanyarta. Yanzu duk inda na sauka alƙibla nake fara tambaya, kuma ba na faɗin sunan garinmu sai an idar da salla.