Baba a Gaban Baba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa na so in manta matata ba za ta bar ni ba. Ita ce ranar da mahaifin Hauwa ya ce in zo ya gan ni da idonsa kafin ya yarda in turo magabatana.

Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare a nan Bauchi, ina zaune a Inkil. A lokacin shekaruna talatin da bakwai, amma gemuna ya riga ni tsufa. Gadon gidanmu ne, furfura tana kama mu tun muna samari. Ita Hauwa ba ta taɓa nuna damuwa ba. Sai dai da ta kira ni ta ce, "Baba ya ce ka zo ranar Asabar bayan la'asar, kuma ya tambaye ni shekarunka," sai na ajiye wayar na shige ɗaki. Na tsaya gaban madubi na ce, wallahi in tsohon nan ya ga wannan gemun zai ɗauka sa'ansa ne ya zo neman 'yarsa. Kuma ina son yarinyar nan, so na gaske, ba na wasa ba.

Baƙin rinin gashi na kanti ba ya yi da ni. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, fuskata ta kumbura kamar fanke, na yi kwana uku ban shiga aji ba. Don haka na nufi shagon Maman Joy da ke bakin layinmu, wata 'yar kudancin Bauchi mai sayar da kayan gyaran gashi, na ce ta ba ni abin da ba shi da sinadari mai ƙarfi. (Eh, ni malamin kemistiri na faɗi haka da bakina, kamar akwai abin da ba sinadari ba a duniya.) Ta miƙo mini leda biyu: garin lalle, da garin baba, wato ganyen nan da marina suke rina shuɗi da shi.

Ta ce, "Malam, lalle za ka fara sa, ya zauna awa biyu, ka wanke. Bayan shi sai baba. Kar ka tsallake lalle fa."

Na yi murmushin nan na masu digiri. Na ce mata lalle ja yake yi, ni kuwa baƙi nake nema, ba so nake in fito kamar limamin unguwa ba. Har da ƙarin bayanin da ba ta tambaye ni ba: wai furfura gashi ne da ya daina samun launinsa daga jiki, saboda haka abu mai duhu kawai yake buƙata.

Ta dube ni ta ce, "To, Malam. Kai ne ka yi makaranta." Ta mayar da lallenta kan kantar shagon.

Ranar Asabar bayan azahar na kwaɓa garin da ruwan ɗumi, na shafe gemu tas, na zauna ina shaƙar warin ɗanyar ciyawa har awa ɗaya da rabi. Na wanke. An ɗauke wuta, ɗakina kuma ba shi da haske sosai, gemun yana jiƙe. Na leƙa madubi na ga duhu. Kai! Na ce yau ga saurayi. Na zura farar shadda, na kafa hula, na fesa turare, na tare keke.

Tun daga Inkil iska take busar da gemun nan. Mai keken yana ta satar kallona ta madubi, in muka haɗa ido sai ya kawar da kai. Na ce a raina, kalla da kyau, ɗan'uwa, ango ka ɗauko. Da na sauka a Ƙofar Wambai ma wasu mata biyu suka wuce ni, ɗaya ta rufe baki da gefen hijabi. Nan ma na ƙara gyara wuyan riga.

Na yi sallama, aka ce in shigo zaure. Baba yana zaune kan tabarma, dogon tsoho mai jan gemu, lalle ya kama shi raɗau. Gefensa ƙaninsa ne, Kawu Sale, wanda kunnensa ya ɗan yi nauyi. Na cire takalmi na tsuguna.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi. Amma ba idona yake kallo ba, haɓata yake kallo. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da tela yake yi wa ɗinkin wani telan.

Ana cikin tambayar aiki da mutanen gida sai ga Hauwa da tiren ruwa, kanta a sunkuye yadda ya kamata. Ta durƙusa ta ajiye, ta ɗago ido sau ɗaya. Kofunan suka yi ƙara. Ta ce "Innalillahi!" a hankali, ta tashi da sauri, kuma kafin ta kai ƙofar tsakar gida na ji dariyar ta ƙwace mata.

A nan ne jikina ya fara ba ni labari. Tiren na silba ne mai sheƙi, na ɗan karkata kamar zan ɗauki kofi, na leƙa.

Kore. Jama'a, kore shar! Gemuna gaba ɗaya kamar an tsoma shi cikin miyar kuka, can ƙasan kuma ya fara komawa shuɗi. Ga gumi ya sauko da shi kan wuyan farar shaddata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya gyara murya ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?"

Na ce, "Ba... baba ne."

Rinin nake nufi, Allah shi ne shaidata. Amma muryar ta karkace, Kawu Sale kuma ya kama abin da ya kama. Ya juya ga yayansa da ƙarfi ya ce, "Yaya, wai ya ce kai ka yi masa! Yaushe kuka san juna?"

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, hularsa ta zame. Da ya natsu sai ya miƙo mini hannayensa biyu. Gefen faratansa duk shuɗi-shuɗi ne, irin wanda ya zama jiki. Ashe marini ne, ya yi rayuwarsa a bakin karofi, wato ramukan rini, kafin gwiwa ta zaunar da shi. (Hauwa ta taɓa ce mini Baba yana harkar yadi. Ni ne ban tambaya ba, ina ta ba ta labarin kaina.)

Ya ce, "Matso in gani. Ba ka sa lalle ba ko?"

Na ce, "Ban sa ba, Baba."

"Ai ga shi nan. Farin gashi kamar farin yadi ne, abin da ka ba shi shi zai nuna. Lalle yana shiga jikin gashin ya kama, ya ba shi ja. In baba ya hau kan jan nan, sai su haɗu su yi duhu. Kai kuwa ka ɗora shi a kan fari. Kuma baba in ya fito daga ruwa kore yake, sai ya sha iska yake nuna. Zuwa jibi za ka zama shuɗi sosai, ba ruwanka da wannan koren. Hauwa ta ce me kake koyarwa ma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kemistiri."

Wannan darasin fa, na yadda iskar oksijin take canza launin abu, ni nake rubuta shi a allo duk shekara, har ina dukan tebur in yara suka kasa.

Sai tsohon ya daina dariya. Ya ce, "To, me kake ɓoye mini?"

Na ga babu sauran mutuncin da zan kare, na faɗi gaskiya. Na ce furfura ce, na ji tsoron ya ce na yi wa 'yarsa tsufa, kuma in ya hana ni ita ban san yadda zan yi ba.

Ya ce, "Furfurar ai tun wata biyu Hauwa ta gaya mini, shekarunka ma da na tambaya ta faɗa. So nake in ji ko bakinka zai zo ɗaya da nata. Mutumin da zai mayar da kansa haka don 'yata, ba zan ce ba ya son ta ba. Hankalin ne dai sai a hankali. Ka turo manyanka. Amma don Allah kai kar ka biyo su sai gemun nan ya sauka."

Bai sauka ba. Rinin baba ba ya fita da sabulu, na gwada har fatata ta yi ja. Ranar Lahadi na aske shi ƙwal, ranar Litinin ɗalibaina suka gaishe ni kamar baƙo. Maman Joy kuwa da ta hango haɓata a sarari sai ta ɗaga ledar lallen nan ta kaɗa mini daga cikin shago.

Yanzu 'ya'yanmu biyu da Hauwa, gemuna fari fat, kuma haka zai zauna. Abin da na koya shi ne, in mai sayar da abu ta ce kar ka tsallake, to ka ajiye digirinka a bakin ƙofa tare da takalminka. Surukina dai bai yarda na koya ba. Duk Sallah sai ya aiko mini da ƙullin lalle, da saƙo ta bakin Hauwa: "Ki ce wa Malam wannan ake farawa da shi."